Sallamar da Munzali Bai Amsa Ba

Munzali taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ba abin da zai yi a garin Haɗeja da ba zan mayar da shi abin dariya ba. Wannan ikon ne ya sa zan ba da labarinsa yadda yake, duk wanda ya ga kamar na yi masa rashin kunya ya sani gadona ne. Sai dai in faɗa tun yanzu, ni ma ban fita da hannu a wanke ba.

Shekara ashirin da takwas ya yi a Kano yana gyaran injinan ruwa a wani filin golf, wasan nan da manya ke bin wata 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo suna dukanta da sanda har ta faɗa rami. Ranar Litinin ake barin ma'aikata su taɓa, a nan ya koya. Ya ce da farko dariya yake yi wa masu yi, har ranar da wani ya miƙa masa sanda ya ce ya gwada. Ƙwallon ta tashi sama tana ta ƙara nisa, shi kuma ya tsaya baki buɗe yana binta da ido. Tun daga ranar nan bai sake zama lafiya ba.

Da ya ajiye aiki shekara takwas da suka wuce, tsaransa suna dawowa gida da firji da keken ɗinki, shi ya sauka a tasha da wata doguwar jaka mai sanduna bakwai. Ya buɗe rumfar gyaran injin ban ruwa a hanyar kogi. Gaskiya a faɗe ta, a duk yankinmu ba mai taɓa inji kamarsa. Injin da ya yi sati ya ƙi tashi, Munzali zai kara kunne, ya kwance kabureta, ya hura, ya mayar, sai ka ji ya ɗauka. Da a nan ya tsaya, da ba wanda zai taɓa jin kansa.

A tsakiyar fadamar gidansu akwai wani dogon tudu mai yashi, shi ruwa ke fara saki in ambaliya ta ja baya. Ba a noma shi, don ruwan kogi ba ya hawa can da rani. Filin na gandu ne, ba a raba ba, yana hannun Umara ƙanen mahaifinsa, wanda shi kaɗai ya rage a cikin iyayenmu, ya kuma haura tamanin. Ni Kawu nake ce masa, Munzali kuma Baffa. Munzali ya je ya durƙusa ya roƙi aron tudun. Tsohon ya tambaye shi me zai shuka, ya ce ramuka uku. Kawu ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce ya je ya shuka, Allah ya sa su yi yabanya.

Kowace shekara in ruwa ya janye sai ya sake aikin daga farko. Ya sare ciyawar kacala da ta mamaye gefe, ya cike tsagar ƙasa, ya ɗebo yashin kogi ya tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwo, ya cuɗa shi da baƙin man inji da ya tara a rumfa. Da wannan yake shimfiɗa da'ira uku, kowace ta kai faɗin ɗaki. A tsakiyar kowace ya binne gwangwanin madara, ya kafa kara mai ƙyallen buhu don a hango daga nesa. Mu muka sa wa da'irar suna faifai, har shi ma ya bi mu. Gonar shinkafata tana jikin tudun, shi ya sa kusan kullum da safe nakan hau in riƙe masa karan, ba don Allah ba, don in samu abin da zan faɗa a majalisa. Doka ɗaya ya kafa mini: in ya sunkuya kan ƙwallo, ko kunama ce ta harbe ni kada in yi tari.

Shekara biyar abin yana tafiya daidai. Bayan sallar asuba zai zagaya ramukan sau uku, ya dawo rumfa yana fito. Sai a ta shida wani abu ya shiga hannunsa. Bugun nesa yana nan yadda yake, in ya zabga wa ƙwallo sai ka ɗaga hula kafin ka ga inda ta sauka. Amma da zarar ta hau faifai ta tsaya taku ɗaya daga rami, ya ɗauko 'yar sandar nan mai faffaɗan kai da ake turawa da ita, wadda yake kira fota, sai hannun ya ƙage. Zai sunkuya ya daɗe, ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, sannan hannun ya fizga da kansa kamar an tsikare shi. Ƙwallon ta bi ta gefen gwangwani ta wuce. Turin da jikata mai shekara huɗu za ta yi da ƙafa, shi ya gagari ƙato mai furfura.

Ba abin da bai gwada ba. Ya sauya riƙo, ya koma bugun hagu, ya daina cin goro, ya daina shan shayi da safe. Ya je asibiti aka duba, aka ce hannu lafiya lau. Abin da ya fi cin ransa shi ne, da wannan hannun yake ɗaura ƙusar kabureta wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ko gezau. Wata safiya ya zubar da ƙwallo biyar a jere, ya juya ya wurga fotar cikin kogi, ya rantse ya gama. Kwana biyu sai ga Sa'idu masunci a bakin rumfa da ita a hannu tana ɗigar laka, ya ce ta shiga komarsa har ta yaga masa ido uku. Munzali ya karɓa, ya yi godiya, ya goge ta da tsumma. Wata guda na yi ina ba da wannan labarin a majalisa.

Daga nan ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, ya kuwa samu. Hanyar da manoma da masunta ke bi zuwa kogi ta gefen faifai na uku ta ratsa, kuma ba mutumin kirkin da zai wuce wani yana sunkuye bai ce masa sannu da aiki ba. Munzali zai ɗaga fota, sai ka ji, "Sannu da aiki, Malam Munzali!" Dole ya miƙe ya amsa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, wani ma ya tsaya ya faɗi ciwon injinsa. In ya koma ya zubar, sai ya ce da ni, "Ka gani ko? A Kano in mutum ya sunkuya ko tsuntsu ba ya kuka. Nan kuwa gari guda ne ke riƙe mini hannu." Ni na san ƙarya ce, don ranakun da ba kowa a hanyar ma haka yake zubarwa. Kowace yamma sai ya ce mini ya bari, gari na wayewa in hango ƙyallen buhu yana kaɗawa da mutum a tsaye kusa da shi.

Ana cikin haka tudun ya yi daraja. Rijiyar burtsatse da injin sola suka shigo fadama, wurin da ban ruwa bai taɓa kaiwa ba ya zama wurin alkama. Safiyanu, babban ɗan Kawu, ya fara magana, kuma ba za ka ce bai da gaskiya ba: gida cike da baki, ga fili yana zaune ana wasa da shi. Sau biyu yana kawo maganar, Kawu yana cewa, "Ku bar shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Duk dangi ba mai goyon bayan Munzali sai wannan tsoho. In Kawu ya janye hannu, ranar garma za ta shiga, kuma ba wani fili a ƙasar Haɗeja da za a ba mutum ya binne gwangwani. Bara da lokacin shukar alkama ya matso, Safiyanu ya tara ƙannensa suka je gaba ɗaya. Daga baya muka ji abin da Kawu ya ce musu: shekara bakwai yana kare abin da bai taɓa gani ba, zai je ya gani da idonsa kafin ya yanke.

Ranar Laraba ce, tsakiyar Nuwamba. Safiyar nan Munzali ya buga wasan da rabonsa da irinsa tun kafin ciwon. Ƙwallayen suna hawa faifai suna tsayawa dab da gwangwani, wasu ma sun faɗa bisa kuskure. Da muka zo rami na uku a zagaye na ƙarshe, ƙwallon ta tsaya taku ɗaya. Ya dube ni ya ce in wannan ta shiga ya dawo yadda yake da. Na zare karan na koma gefe. Ya sunkuya.

Ni ne na fara hango Kawu. Daga bayan Munzali yake tahowa, shi kaɗai, yana dogara sanda, gefen rigarsa duk laka. Adaidaita ta ajiye shi inda hanya ta ƙare, sauran da ƙafa ya tako, mutumin da masallacin ƙofar gida ma sai ya huta a hanya. Ya tsaya a bakin faifan ya numfasa.

"Salamu alaikum."

Na ga kafaɗar Munzali ta motsa. Ya gane muryar, ba shakka a wannan. Daga baya ya ce mini a ransa cewa ya yi, bari in tura kawai in juya, ƙiftawar ido ce. Amma hannun ya ƙage, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

"Salamu alaikum."

Na buɗe baki, na rufe. Zufa tana bin bayan kunnen Munzali duk da sanyin safiya. Can nesa wani inji yana ta bugawa, ban da shi ba ka jin komai. Sa'idu masunci da wani abokinsa sun taho da gora a ka, suka ja suka tsaya a kan hanya.

Kawu ya yi ta uku, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ya jira kamar yadda mai sallama ke jira a ƙofar gida. Da bai ji amsa ba, ya yi abin da aka koya mana tun muna yara, in ka yi uku ba a amsa ba ka koma. Ya juya da sandarsa. A lokacin ne hannun ya fizga, ƙwallon ta wuce ramin ta je ta tsaya nesa fiye da inda ta taso.

"Wa alaikumus salam, Baffa! Baffa!"

Ya yar da fotar ya bi shi da gudu, ya sha gabansa ya durƙusa a cikin laka. Kawu ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye kututture, ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa ina tsaye da kara a hannu.

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Ba wanda ya ce Munzali ya makara wajen amsawa, cewa ake ya ƙi amsa sallamar ƙanen ubansa sau uku saboda ƙwallo. Wani manomi ya zo rumfa ya kwashi injinsa a kwance, ƙusoshi a leda, ya ce zai kai wani wuri. Zara matarsa, wadda shekara bakwai ba ta taɓa cewa uffan a kan wasan ba, ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, yau da wane ido zan shiga gidan Baffa?" Bai ci ba. Da la'asar ya zo gidana da jakar sandunan a kafaɗa, ya jingine ta a zaure ya ce in yi yadda na ga dama da ita, shi ya bari. Na sha jin wannan kalma a bakinsa, amma ban taɓa jin ta haka ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne fuskarsa. Akwai kunya, akwai tsoro, amma a ƙarƙashinsu na ga wani sauƙi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ya roƙe ni in raka shi ba da haƙuri, na ce to.

Washegari Alhamis bayan la'asar muka je. Kawu yana zaure a kan buzu, Safiyanu yana gefe. Muka yi sallama daga waje. Tsohon ya amsa mana cikakkiya, har da rahama da albarka, kalma bayan kalma, bai rage ko harafi ba. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. Muka cire takalma muka zauna a ƙasa. Munzali ya fara jero ban haƙuri, Kawu ya ɗaga hannu.

"Ta shiga?"

"Na'am, Baffa?"

"Ƙwallon da ka tsaya wa. Ta shiga ramin?"

"Ba ta shiga ba, Baffa."

"Ba tsuntsu ba tarko ke nan." Ya gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma Shu'ibu, ɗan 'yar'uwata Yelwa, wa ya ɗinke maka baki? Tun kana riƙe da allo aka koya maka, in aka yi wa jama'a sallama mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Kana tsaye kana kallona. Kalma ɗaya daga bakinka da ta rufa muku asiri ku biyu."

Na ce, "Kawu, dokar wasan ce. Shi ya ce in ya sunkuya kada in yi ko tari."

"Tun yaushe ka fara bin dokar Munzali? Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa ganin ya ce maka zauna ka zauna ba."

Ana yi wa kowa ƙarya, ban da wanda ya yi maka huɗuba a kunne. Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya: na yi shiru ne don in ga yadda taubashina zai yi, tsakanin Baffansa da ƙwallonsa wa zai zaɓa, in samu abin tsokanarsa har ƙarshen shekara. Na zaci a ta biyu zai miƙe, mu yi dariya. Da na ga abin ya wuce wasa, na riga na makara.

Munzali ya juyo ya dube ni. Ashe tun jiya bai taɓa kawo wannan a ransa ba, shi kaɗai ya ɗauki laifin ya kwana da shi. Na sha zagi a bakinsa tun ƙuruciya ban taɓa jin zafi ba, amma wannan kallon har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ya mayar da kai ga Kawu ya ce, "Baffa, ko ma wa ya kamata ya amsa, ni aka zo wa. Na bar wasan. Sandunan ma na fitar da su daga gidana. Safiyanu ya sa garma gobe in ya so."

Safiyanu ya gyara zama. Na tabbata a ransa har ya fara auna iri. Kawu bai ko dube shi ba, ya zuba wa Munzali ido.

"Don ni ka bari, ko don ta ƙi shiga?"

Ana jin wata mata tana daka a cikin gida. Munzali ya murza hular da ke hannunsa. Ni ina roƙon Allah a zuci ya ce don Baffa, a shafa fatiha kowa ya tashi.

"Na fi shekara ina neman hanyar bari, Baffa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Abin da na iya ne ya gudu ya bar ni. Kullum in na tsaya a kan ƙwallon nan ji nake kamar ana yi mini tsirara. Da yamma in ce na bari, da safe in tsinci kaina a can. Na gaji."

"Wato ni ne hanyar da ka samu."

Hawaye ya sauko wa Munzali.

"To ba da ni ba," in ji Kawu. "Sallamata na yafe, tsakanina da kai ba komai. Amma ba za ka rataya mini gazawarka a wuya ba, gobe gari ya ce Umara ya raba Munzali da abin da yake so, kai kuma ka samu abin faɗa wa zuciyarka. Shekara arba'in na yi ina su a kogin nan. Ranar da na ga ƙarfina ya ƙare, ba wanda ya karɓe mini koma, da hannuna na rataye ta." Ya juya ga ɗansa. "Safiyanu, jibi ku nome tudun, gida na bukata, wannan gaskiyarku ce. Amma da'irar nan ta bakin hanya, inda na tsaya, ku kewaye ta. Kada garma ta taɓa."

Safiyanu ya ce, "Baba, a tsakiyar alkama?"

"A tsakiyar alkama." Ya sake duban Munzali. "Na bar maka ita. In ka bari da gaske, ka je ka tone gwangwanin da hannunka, sai su haɗa da wurin. In ba ka tone ba, tana nan. Ku tashi, magariba ta kusa."

A hanya ban san ko jinƙai tsohon ya yi masa ko hukunci ba. Bugun nesa, wanda shi kaɗai ya rage masa yana jin daɗinsa, ya tafi ke nan, don ba inda ƙwallo za ta tashi ta sauka. Abin da aka bar masa shi ne taku ɗayan nan da ke kashe shi. Na yi ƙoƙarin ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu, ya shige layinsu.

Ranar Asabar tarakta ta shiga. Ina daga gonata ina kallo tana kifar da yashin da ya tankaɗe da rariya, gwangwani na farko ya fito ya yi birgima, direban ko lura bai yi ba. Munzali bai zo ba, yana rumfa. Da rana Safiyanu ya kai masa injin da za a ja ruwa da shi zuwa tudun, yana jin kunya, Munzali ya karɓa ya gyara masa tsaf. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ni kuma ban shiga majalisa ba, don ban san me zan faɗa ba.

Lahadi da sassafe na ji sallama a ƙofata. Shi ne, idanunsa sun faɗa. Ya ce in ara masa fartanya. Na ɗauko na ba shi, ban tambaya ba, don na san abin da za a tona. Zai juya sai idonsa ya kai kan jakar da ke jingine a zaure. Ya ɗan tsaya, ya miƙa hannu ya zaro fotar, ya lalubo ƙwallo ɗaya ya sa a aljihu. Ya ce zai binne su a ramin ne in ya tone. Na bar shi ya yi nisa, sannan na bi bayansa.

Faifan yana nan shi kaɗai, baƙi, zagaye da ƙasar da aka kifar. Ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya ɗaga fartanyar daidai bakin gwangwanin, na kawar da kai don ba na son gani. Ban ji sara ba. Da na waiwayo ya ajiye ta a gefe, ya ciro ƙwallon ya sa ta taku ɗaya daga ramin. Na ji yana cewa, shi kaɗai, "Ta ƙarshe." Ya sunkuya, jijiyar wuyan ta tashi, hannun ya fizga. Ta wuce.

Ya yi tsaki mai ƙarfi, ya dafe kai. Ya dubi fartanyar, ya dubi ƙwallon. Ya taka ya ɗauko ta, ya hure mata yashi, ya mayar inda take. Wannan ma ya ce ta ƙarshe ce, ita ma ta wuce. Yana sunkuye a kan ta uku na lallaɓa na ɗauki fartanyar na saɓa a kafaɗa, na kama hanyar gonata.

"Ina za ka da ita?" ya ce, bai ɗago ba.

"Tawa ce."

"Ban gama da ita ba."

"Ciyawa ta cinye mini gefen gona. In tono kake so, ka je kasuwa ka sayi taka."

Na ji ya yi ƙwafa a bayana, ban waiwaya ba. An yanke alkamar, ruwa ya zo ya rufe tudun ya janye, Munzali ya sake tankaɗe yashin faifai ɗayan nan. A cikin ƙwallo goma, in ya yi sa'a huɗu ke shiga, kuma har yau kowace yamma sai ya ce ya bari. Kasuwar maƙera tana kan hanyarsa ta zuwa rumfa, kullum ta gabanta yake wucewa, bai sayi fartanyar ba.